Ajin dare a zaurenmu na Unguwar Rogo, Jos: abin da na rubuta daga Janairu zuwa Yuli

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe. Mutum goma sha ɗaya a zauren gidanmu bayan sallar isha'i, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, hazo ya sauko har fitilun titin Bauchi ba sa fitowa sosai. Tabarma biyu, allo ɗaya jingine da bango, sai tsohuwar kwamfutata a kan benci. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana a nan, don na san halina: in na ce zan riƙe a ka, nan da wata biyu zan fara ba kaina labarin da ya fi daɗi.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare. Kullum a ofishin malamai sai ka ji ana cewa ai yanzu ilimi kyauta yake a intanet, wanda bai yi karatu ba shi ya so. Na gaji da jin maganar, shi ya sa na ce bari in gwada ta a kan mutanen layinmu, masu iyali, waɗanda ke dawowa gida a gajiye.

Na yi shirin aji ɗaya, Allah ya ba ni uku. Biyar ba sa karanta boko sam. Huɗu sun yi sakandare amma Turanci ko lissafi ya riƙe musu sakamako. Biyu kuma takardunsu sun cika, digiri suke so ba tare da sun rufe sana'a ba. Bakwai ne ke da babbar waya, sauran 'yar ƙarama mai tocila.

Asabar, 18 ga Janairu

Babban ɗalibina wani dattijo ne mai sayar da katako a kasuwar Katako, sa'an mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuma ya dage sai ya ce mini Malam, ko da na roƙe shi ya bari. Yau na tambayi kowa abin da ya kawo shi. Baba bai yi dogon bayani ba, ya zaro wayarsa ya miƙo mini.

"Malam, alat nake so in iya karantawa. Shi ke nan."

Ashe bara wani yaro ya ɗebi katako mota guda, ya ce ya tura kuɗi, waya ta yi ƙara, Baba ya ga saƙo ya shigo, ya ce a loda. Sai da ɗansa ya dawo da yamma ya duba, babu ko kwabo da ya shiga. Tun daga ranar duk cinikin da ya wuce na aljihu sai an nemo wani ya karanta masa, wanda ya karanta kuma ya san abin da ke asusunsa. Wannan ta biyun ta fi yi masa ciwo.

Da na fara rubuta a, ba, ca a allo, sai ya ciro takardar naira dubu ya nuna mini rubutun ajamin da ke jiki, ya karanta tar. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, lissafin bashinsa duk da ajami yake rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango. Kunya ta kama ni, don a fom ɗin da na tsara na sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu ba. Na gyara. Daga yau duk harafin boko da zan koya masa sai na ajiye ɗan'uwansa na ajami a gefe, kuma tafiyar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Abin da ke ba shi wahala kawai shi ne fara layi daga hagu. Hannunsa kullum dama yake nufa.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar Litinin hukumar sadarwa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. To ga kyautar da ake faɗa. Shirina na farko shi ne kowa ya riƙa kallon darasi a YouTube a gida. Bidiyo kuwa shi ke shanye data kamar rairayi da ruwa, kuma mutumin da zai zaɓa tsakanin data da kuɗin cefane ba sai an tambaye shi ba. Na soke shirin. Dole abin ya zama ni zan sauke sau ɗaya, kowa ya ɗiba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako biyu ina fama, yau dai ta zauna. Na ɗora wata manhaja mai suna Kolibri a kwamfutar. Wata ƙungiya ce a Amurka, Learning Equality, ta ƙera ta musamman don wuraren da ba intanet. Yadda take aiki: ka sauke darussan da kake so sau ɗaya, su zauna a cikin kwamfuta, sai ka kunna wayfai a ɗakin, wayoyin ɗalibai su haɗu da kwamfutar kai tsaye. Ba data ake ci ba, waya da kwamfuta ne kawai ke magana da juna. Na yi dare huɗu ina saukewa da datar tsakar dare mai rahusa, ina gyangyaɗi a gaban allo, maiɗakina tana tambaya ko na ƙara aure ne da kwamfuta.

Na ɗebo lissafin Khan Academy daga tarawa da ɗebewa har zuwa aljabara, ban ɗebo duka ba don kwamfutar ba za ta ɗauka ba. Darussan suna da kyau, wannan ba musu. Mai bayanin yana bi daki-daki, ba ya gajiya, ba ya tsawa, in ka maido shi baya sau goma zai maimaita sau goma. Amma Turancin Amurka yake yi, misalansa da dala ne, kuma 'yan ajin GCE ɗina, masu son sake jarrabawar sakandare, minti biyu suke yi su ɓace. Abin da muka koma yi: in kunna, in tsayar, in faɗa da Hausa, in mayar da dalar buhun masara, in sake kunnawa. Bidiyon minti takwas yana cin mana rabin awa. Wani makanike daga Dilimi ya ce, "Allah gafarta Malam, to ka kashe Baturen mana ka yi mana da kanka." Aka yi dariya. Ban kashe shi ba, don atisayen da ke biyo bayan bidiyon shi ne ribar: tambaya na zuwa, ka amsa, nan take ta gaya maka ka ci ko ka faɗi, ba sai an jira ni na yi maki ba. Babba ya fi son inji ya ce masa ya faɗi da a ce ɗan cikinsa ya faɗa masa a gaban jama'a.

Wajen 'yan koyon karatu ne na sha mamaki. Akwai littattafan Hausa kyauta a shafin African Storybook, masu zane mai kyau. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, yana bin manhajar makarantunmu, har da darussa da Hausa. Duka na duba, duka suna da amfani, amma duka yara aka yi wa. Na buɗe wa Baba wani labarin zomo, ya karanta layi biyu da ƙyar, ya ɗago ya dube ni. Bai ce komai ba. Na rufe.

Kakana ya koyi boko ne a ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma ƙananan littattafan da ake buga musu a Zariya maganar manya suke yi: gona, haraji, tsafta, rubuta wasiƙa. Mutanen wancan zamanin da majigi a bayan mota sun gane abin da masu manhajar yau suka tsallake.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na fara rubuta namu. Shafi ɗaya-ɗaya, manyan haruffa: rasit, allon kanti, takardar magani, saƙon makarantar yara, da alat. Na sa wa masu babbar waya allon rubutun Hausa na Gboard saboda ɓ da ɗ da ƙ, kada a rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa".

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ranar masu neman digiri ce, mai shagon POS da wani direban keke. Mai POS ya zo da murna wai wani mai shagon kwamfuta ya ce yana da hanya a Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, in ya ba da wani abu za a samo masa gurbi. Na ce ya ajiye kuɗinsa. Ba a rubuta jarrabawar JAMB kafin a shiga NOUN, kuma ba a neman hanya. Fom ne a shafinsu, in sakamakonka ya cika ka cike da hannunka, ka biya ta Remita, ka je cibiyarsu ta nan Jos a tantance takardunka. Muka zauna muka cike tare.

Na ɗan ba su tarihi don su san ba jami'ar bayan gida ba ce. Gwamnatin Shagari ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Hedikwatarta na Jabi a Abuja. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya koma ɗalibinta har ya kai ga digirin digirgir a ilimin tauhidin Kirista. Direban keke ya ce, "To ashe da gaske ne gemu ba ya hana ilimi."

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne littattafan kwasa-kwasan suna shafinsu a buɗe, kowa na iya saukewa ko da ba ɗalibi ba ne. Don haka na ce wa direban keke, wanda kuɗinsa bai haɗu ba, kada ya jira. Muka sauke masa littattafai biyu na shekarar farko ya fara ɗanɗanawa, ya ga ko zai iya zama da littafi shi kaɗai. Nan ne gizo ke saƙar. A karatu daga nesa ba mai kiran suna, ba mai tambayar ina ka shiga jiya. Aikin gida, wanda suke kira TMA, maki 30 ne, jarrabawa 70. Na ji ana sayar da amsoshin TMA a wasu guruf-guruf na WhatsApp. Na gaya wa mai POS in ya saya, talatin ɗin kawai ya saya, ranar saba'in shi da Allahnsa.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi yau. Da tarawihi da tafsiri, ajin dare ya tashi sai bayan salla. Mun buɗe guruf a WhatsApp. Zan riƙa tura aiki bayan sahur.

Asabar, 22 ga Maris

Guruf ɗin ya koya mini abin da ban zata ba. Ina tura tambaya a rubuce, amsa na dawowa da murya. Kowa danna ya yi magana. Saƙon murya ya sauƙaƙa wa mutanenmu rayuwa ƙwarai, har ya cire musu buƙatar rubutu: mutum zai yi shekara biyar da babbar waya yana ciniki da Legas bai taɓa rubuta kalma ɗaya ba. Na kafa doka: gaisuwa da murya, amsa da rubutu, ko a waya ko a takarda a ɗauki hoto. Kwana uku guruf ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Rana ta huɗu da asuba sai ga saƙon Baba, ta wayarsa, da hannunsa: "slm malam ina kona". Na daɗe ina kallonsa. Na amsa masa "Lafiya lau Baba", ban gyara masa "kwana" ba sai bayan kwana biyu.

Masu ƙaramar waya su huɗu kuwa watan nan ya wuce su gaba ɗaya. Laifina ne, ban tanadar musu komai a takarda ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mun dawo mako ɗaya bayan salla, mutum takwas. Sannan maiɗakina ta buɗe na mata a tsakar gida, Asabar da Lahadi da hantsi. Ita ta yi NCE ɗinta ne ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda tun 1976 take koyar da malamai daga nesa da littattafai bugaggu da haɗuwar ƙarshen mako. Takan yi mini dariya in ina zumuɗin manhaja, ta ce karatu daga nesa ba da waya ya fara ba, su da ƙullin littafi a kai da goyo a baya suka yi nasu. Ajinta ya fi nawa cika, kuma ya fi nawa tsari. Yawancinsu so suke su iya duba littafin 'ya'yansu da karanta awon magani.

Akwai wata da ba ta taɓa zama a tabarmar ba, amma ta fi kowa ƙoƙari. Wata Mama ce mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, 'yar Bokkos, shekara da shekaru a wurinta muke saye. Kirista ce, ta tsaya a aji huɗu na firamare, tana iya bin littafin waƙoƙin coci na Hausa a hankali, amma lissafin buhu da bashin 'yan sari a ka take riƙewa, kuma kan ya fara gajiya. Da ta ji labarin ajin ta ce wa maiɗakina, "'Yata, ina so, amma kin san yadda garin yake." Mun sani. Tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya unguwannin Jos suka ware, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa, musamman in rana ta yi sanyi. A kasuwa ana tare, ana raha, ana bashi. Gida kuwa kowa da nasa ɓangaren. Tsakaninmu da ita bai wuce tafiyar keke ɗaya ba.

To ita ce ɗalibarmu ta nesa ta gaskiya. Maiɗakina na tura mata shafi da bayani da murya, ita kuma ta yi aikin a kan buhu in ciniki ya lafa, jikarta ta ɗauki hoto ta turo. A hoton jiya har da ƙasar dankali a gefen takardar, da sawun babban yatsa. Ta jera sunayen masu bashi a hagu, kuɗi a dama, ta ja layi ta tara. Ta yi kuskuren sifiri ɗaya. Duk abin da na karanta game da karatu daga nesa maganar kilomita ɗaruruwa yake yi, ban ga inda aka yi maganar irin tamu nisan ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Damina ta kankama, da ita da ɗauke wuta. Batirin kwamfutar minti arba'in yake yi ya mutu. Mun yi karo-karo mun sayi ƙaramar sola mai fitila biyu, amma ba ta ɗaukar kwamfuta, sai dai in kai ta caji da rana. Ga kuma memorin da na cika da darussa don masu son bita a gida, ya zaga wayoyi ta Xender da hannu-da-hannu, ya dawo da ƙwayar cuta da waƙoƙin biki, darussan sun ɓace. Na sake cikawa, wannan karon guda uku.

Makaniken Dilimi ya zo ransa a ɓace. Ya yi mako shida yana bin wani kwas na wutar mota a wani shafin waje, an rubuta kyauta, ya gama, ya ci jarrabawar, da ya zo karɓar takardar shaida aka ce sai ya biya da dala. Haka tsarin da yawa daga cikinsu yake: karatun kyauta, takardar ta kuɗi. Wasu kamar Coursera suna da fom na neman rangwame ga marar hali, wasu kuma kamar OpenLearn na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila suna ba da shaidar halarta ba tare da biya ba. Na tambaye shi, wa zai nuna wa takardar? Ya yi shiru. Na ce mai mota da ta ƙi tashi ba ya tambayar satifiket. In takardar da ake ganin girmanta a Najeriya yake so, ta NABTEB ce, hukumar jarrabawar sana'o'i, kuma tana da zama na 'yan waje, wato waɗanda ba sa makaranta. Ya ce zai yi tunani. Ina ganin har yanzu yana jin an cuce shi, kuma ban ga laifinsa ba, da an faɗa masa tun farko da manyan baƙi.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan babbar salla. A ajin maza saura bakwai. Ɗaya ya koma ƙauye noma, ɗaya aikin gadi ya koma masa dare, biyu sun daina zuwa ba sallama, kuma dukansu cikin masu ƙaramar waya ne, waɗanda azumi ya bari a baya. Na je gidan ɗaya, ya ce lafiya lau, zai dawo. Na san ba zai dawo ba. Ya ga 'yan'uwansa sun wuce shi shafi goma.

'Yan GCE uku da suka rage za su zauna ta ƙarshen shekara, ko ta WAEC ko ta NECO, ya danganta da wadda kuɗinta ya haɗu. Tun 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa a kwamfuta, don haka na ware minti goma sha biyar kowane dare don riƙe maus, wato linzamin kwamfuta, kawai. Hannun da ya saba da sifana matse shi yake yi kamar zai fasa. Direban keke ya gama littafi ɗaya cikin biyun da muka sauke masa, a wayarsa yake karantawa in yana jiran fasinja a Terminus. Ya fara adashi don kuɗin rajista. Mai POS, wanda ya riga ya biya, bai buɗe nasa ba tun Afrilu. Na sa shi ya riƙa zuwa zaure yana zama a gefe da littafinsa, ko ba abin da zan koya masa.

Asabar, 12 ga Yuli

Baba ya iso yau kafin kowa, ya zauna bai cire hula ba. Ya ce ranar Alhamis wani ya sayi katako na naira 150,000, ya ce ya tura. Waya ta yi ƙara. Baba ya ce masa ya dakata, ya sa tabarau, ya bi yadda muka yi ta maimaitawa: CR shigowa, DR fita, a ƙirga sifiri daga dama, a ƙarshe a duba ragowar kuɗin asusu, don saƙo ana iya ƙirƙirarsa amma ragowar da banki da kansa ya nuna ba ta ƙarya. Ya ƙirga da yatsa. Sifiri uku ne, da 15 a gaba.

"Na ce masa, ɗana, dubu goma sha biyar ka turo."

Mutumin ya duba tasa wayar, ya dafe kai, ya ce wallahi kuskure ne, ya cika sauran nan take. Baba ya ce shi bai sani ba ko kuskuren ne ko gwaji, bai kuma tambaya ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne bai kira kowa ba.

Ya ce yanzu abin da ya rage, yana so ya mayar da littafin bashinsa boko don 'ya'yansa su iya karantawa in ta Allah ta kasance. Shafi tamanin da wani abu ne. Mun yi alƙawarin shafi biyu kowane mako, shi yana karanto ajamin yana rubutawa, ni ina duba sifiri. Mun yi na farko yau kafin fitila ta dushe.

Abin da ke gabana mako mai zuwa: batirin kwamfuta, buga shafuka ashirin a takarda don masu ƙaramar waya, da komawa gidan mutum biyun nan da takardun a hannu.